Yadda Makarantar Lahadi Ta Fara, Da Inda Iyaye Suka Tsaya

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, 2 Timoti 1:3-5

 

Akwai lokacin da ikilisiyoyinmu sukan zauna domin shirya aikin shekara mai zuwa. Dattawa za su taru, ma'aji ya buɗe littafinsa, a yi maganar rufin majami'a, da albashin fasto, da babban taron Zumuntar Mata. Sai an kusa tashi, mutane sun fara duban agogo, sa'an nan wani ya ce, "Af, ba mu yi maganar yara ba." Sai a ce a ba malaman Makarantar Lahadi kuɗin alli da na alewar Kirsimati, a yi addu'a, a watse. Na zauna a irin wannan taro ba sau ɗaya ba, ban kuwa cire kaina daga laifin ba. Saboda haka yau ina so mu waiwaya baya, mu ga inda wannan makaranta ta fito, da irin yaran da aka kafa ta dominsu. Gama wanda bai san dalilin da aka haƙa rijiya ba, da wuya ya san yadda zai gyara ta.

A ƙasar Ingila akwai wani birni da ake kira Gulosta. A nan aka haifi Robert Raikes a shekara ta 1736. Shi ba fasto ba ne, mai jarida ne. Ya gāji jaridar garin daga wurin mahaifinsa a 1757, yana da rufin asiri, yana kuma zuwa sujada a ikilisiyar Angilikan. Shekaru da yawa ya riƙa ziyartar gidan yari na garin, yana taimakon fursunoni, yana rubuta halin da suke ciki a jaridarsa. Abin da ya gani a can ya dame shi: yawancinsu ba su iya karatu ba, ba wanda ya taɓa koya musu kome tun suna ƙanana, kuma in an sake su ba a daɗe sai su komo.

Shi da kansa ya ba da labarin yadda abin ya fara. Wata safiya wata hidima ta kai shi unguwar talakawa a gefen gari, inda yawancin mutane suke aiki a ma'aikatar ƙera fil. Ya ga yara cikin tsummoki suna wasa a titi. Da ya yi wa wata mace ta unguwar maganar, sai ta faɗa masa cewa bai ga kome ba tukuna, ya zo ran Lahadi. A zamanin nan yara 'yan shekara bakwai ko takwas suna aiki kwana shida a mako, tun asuba har dare. Lahadi kaɗai suke da ita. A ranar sai su cika titi, suna caca, suna faɗa, suna zage-zage tun daga tsakar rana har duhu. Iyayensu kuwa su ma haka suka tashi, ba su san baƙi ba, ba sa zuwa majami'a.

Raikes ya je wurin wani fasto na garin mai suna Thomas Stock, suka yi shawara. A shekara ta 1780 suka nemi mata huɗu masu mutunci waɗanda dā ma suna koyar da karatu a gidajensu, suka yi jinga da su a kan sule guda kowace Lahadi. Aka fara tara yara daga 'yan shekara shida zuwa goma sha huɗu. Ga yadda ranar take tafiya: su zo da ƙarfe 10 na safe su yi karatu har ƙarfe 12, su koma gida, su dawo da ƙarfe 1, a yi wani darasi, a jera su zuwa majami'a. Bayan sujada su yi ta maimaita katekisma, wato tambayoyi da amsoshin bangaskiya, har bayan ƙarfe 5, sa'an nan a sallame su da gargaɗi kada su yi surutu a hanya. Ku da kuke kuka in sujada ta wuce sa'a biyu, kun ji yadda kakannin wannan aiki suka yi.

Mutanen gari suka yi ta yi masa ba'a idan sun gan shi tafe da rundunarsa ta masu tsumma. Kuma kada mu mai da shi mala'ika: mutum ne na zamaninsa, mai son a yaba masa, bulalarsa kuwa ba ta da nisa da hannunsa. Ba shi ne kuma na fari ba. Wata mace 'yar Metodis, Hannah Ball, ta riga ta fara tara yara ran Lahadi a wani gari tun 1769. Abin da Raikes yake da shi wanda sauran ba su da shi, shi ne jarida. A watan Nuwamba 1783 ya buga labarin makarantun, wasu jaridu suka ɗauka, kafin a ce me, abin ya bazu ko'ina cikin ƙasar.

To, ga wurin da nake so mu daɗe kaɗan, domin shi ne masu ba da tarihin nan sukan yi tsalle su wuce. Raikes bai tsaya a ƙofar makaranta yana jiran yara ba. Ya bi gida gida yana magana da iyaye. Ya rubuta cewa iyayen sun kawo masa hanzari, suka ce su matalauta ne, ba su da tufafin da za su sa wa yara su shiga makaranta ko majami'a. Ya amsa musu cewa rigar da ta isa yawo a titi ta isa zuwa makarantarsa. Abu uku kaɗai ya nema daga gare su: a wanke wa yaro fuska, a wanke masa hannu, a taje masa kai. Ku lura da hikimar da take ciki. Bai nemi kuɗi ba, gama ba su da shi. Bai ce su koyar ba, gama ba su iya ba. Ya nemi abin da kowace uwa za ta iya yi da ruwa da mataji, domin ya zama da hannunta a cikin aikin tun daga safiyar Lahadi. Daga baya yakan koma gidajen ya tambayi yadda yaran suke yi cikin mako, ya sulhunta masu faɗa, ya ba masu ƙoƙari kyautar littafi, ko mataji, ko takalma.

Ana ba da labarin wata yarinya mai taurin kai wadda uwarta ta gaji da ita. Raikes ya je gidan, ya yi ta lallashinta ta roƙi gafarar uwarta, ta ƙi. Sai shi, babban mutum mai jarida, ya durƙusa a gaban matar nan matalauciya, ya fara roƙon gafara a madadin yarinyar. Da yarinyar ta ga haka sai ta fashe da kuka, ita ma ta durƙusa. Wannan darasi ba a aji aka koyar da shi ba, a tsakar gida aka yi shi, a gaban uwa.

Aikin ya yi girma da sauri. A 1785 wani dikin na Baptis mai suna William Fox ya kafa ƙungiya a Landan domin tallafa wa makarantun da kuɗi da littattafai. John Wesley ya yi murna da su ƙwarai, mutanensa kuwa suka shahara wajen koyarwa kyauta, gama biyan sule ga kowane malami ya fara fin ƙarfin masu bayarwa. Daga nan ne muka gāji al'adar malamin Makarantar Lahadi wanda ba ya karɓar albashi. Raikes ya rasu a 1811. Shekara ashirin bayan rasuwarsa, a 1831, an ƙiyasta yara wajen 1,250,000 suna zuwa Makarantar Lahadi a Birtaniya, a 1851 kuwa sun wuce miliyan 2.

Masu gāba da aikin ba su rasa ba. Waɗansu masu arziki suka ce in talaka ya iya karatu zai raina aikin gona, ya yi tawaye. Waɗansu suka ce koyar da baƙi ran Lahadi karya ranar hutu ne. Waɗannan maganganu lokaci ya binne su. Amma akwai ƙorafi na uku, wanda ya fito daga bakin waɗansu fastoci a ƙasar Sikotilan. A can, al'ada ce mai ƙarfi uba ya tara iyalinsa ran Lahadi da yamma, ya yi musu tambayoyi a kan wa'azin ranar. Fastocin nan suka ce suna tsoro kada makarantar ta sa iyaye su sauke wannan kaya, har sujadar iyali ta mutu. A lokacin an ɗauke su masu ƙin ci gaba. Ni dai, da na duba abin da ya biyo baya, ban iya yi musu dariya ba.

Tsoronsu yana da tushe mai tsawo. Shekara 251 kafin makarantar Gulosta, a 1529, Martin Luther ya rubuta Ƙaramin Katekisma a Jamus, bayan ya zaga ƙauyuka ya tarar mutane ba su san ko Addu'ar Ubangiji ba. 'Yan'uwanmu na ikilisiyar Lutheran sun san littafin sarai. A kan sassansa ya nuna cewa maigida ne zai koya wa mutanen gidansa. Haka kuma a karatunmu na yau, Musa bai ɗora wa firistoci wannan aiki ba. Iyaye ya umarta su riƙa faɗa wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune cikin gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Bulus ma da ya tuna da bangaskiyar Timoti, sunan kakarsa Lowis da na uwarsa Afiniki ya ambata.

Yanzu bari mu haura yamma da Gulosta, zuwa ƙasar Wels, inda aikin ya ɗauki wata kama dabam. Mutanen Wels suna da harshensu, ba Turanci ba. Wani fasto mai suna Thomas Charles, a garin Bala, ya yaɗa Makarantun Lahadi a can, ya tsaya a kan abu biyu. Na ɗaya, a koyar cikin harshen da ake magana da shi a gida. Na biyu, makarantar ta kowa ce. Tsoho mai furfura yana ajinsa, matar aure tana ajinta, ƙaramin yaro yana nasa, duka a rana ɗaya cikin ɗaki ɗaya. Manya sukan ɗauki sura guda su yi ta tattauna ta aya aya, manomi da maƙeri suna muhawara a kan ma'anar kalma. In an tashi, iyali su kama hanyar gida da magana ɗaya a bakinsu. Fiye da shekara ɗari wannan tsari ya riƙe ƙasar.

Daga cikin makarantun da Thomas Charles ya shirya ne wata yarinya 'yar masaƙa, Mary Jones, ta koyi karatu. Ta yi shekara shida tana tara kuɗi, sa'an nan a 1800, tana da shekara kamar goma sha biyar, ta taka wajen mil 25 zuwa Bala domin ta sayi Littafi Mai Tsarki cikin harshenta daga hannun Thomas Charles. Ƙarancin littafin ya dame shi, ya kai kukan Landan, a 1804 kuwa aka kafa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya da Ƙasashen Waje. Wannan ƙungiya ce ta buga Littafi Mai Tsarki na Hausa cikakke a 1932. Saboda haka tsohon littafin nan mai baƙin bango da kakanninmu suka riƙa naɗewa cikin ƙyalle, akwai sawun yarinyar Makarantar Lahadi a hanyar da ya biyo ya iso gare mu.

Masu bishara da suka zo ƙasarmu, da yawansu 'ya'yan Makarantar Lahadi ne. Mutanen S.I.M. sun fara zuwa a 1893, na S.U.M. suka sauka Wase a 1904, Likita Walter Miller na C.M.S. ya zauna a birnin Zariya a 1905, Likita Bronnum ya isa Numan a 1913, 'yan'uwa na Brethren kuma suka fara a Garkida a 1923. Abin da suka tarar ya yi kama da na Gulosta ta wannan fuska: babu gidan Kirista da za a dogara a kai. Saboda haka mishan ta zama uwa, ta zama uba. A Rumasha, S.U.M. ta buɗe gida a 1909 domin yaran da aka 'yanto daga bauta. Miller ya tara yara a gidansa a Zariya, makarantar da daga baya ta ƙaura zuwa Wusasa. A ƙauyuka kuwa mai bishara yakan buɗe ajin karatu da koyarwar addini a ƙarƙashin itace, samari da yara su ne suka fi zuwa. Sau da yawa yaro ne ya fara ba da gaskiya, ya sha duka a gida saboda haka, daga baya ya jawo uwarsa, wani lokaci har da ubansa. Da yawa cikinku masu saurarona, haka bishara ta shiga gidanku. Mun gode wa Allah saboda waɗannan yara.

Amma wannan farko ya bar mana wata ɗabi'a. Mun saba da tunanin cewa maganar Allah abu ne da ake kai yaro ya karɓo a wani wuri, kamar allurar rigakafi. Dā "a kai shi mishan" ake cewa, yanzu "a tura shi Makarantar Lahadi." Kakanninmu suna da hujja, gama ba su iya karatu ba, waɗansunsu ma ba su tuba ba tukuna. Mu fa? Yawancinmu tsara ta uku ce ko ta huɗu cikin bangaskiya. Akwai Littafi Mai Tsarki a ɗaki, akwai shi ma a cikin wayar hannu. Duk da haka muna shirya aikin yara sai ka ce 'ya'yanmu marayun titin Gulosta ne.

Ya kamata mu san abin da ya sami Ingila, domin gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Bayan dokar ilimi ta 1870 gwamnati ta ɗauki koyar da karatu da rubutu, Makarantar Lahadi ta koma koyar da Littafi kaɗai, lokacinta ya ragu zuwa sa'a guda. Yara suka ci gaba da zuwa, har a wajen 1900 fiye da rabin yaran ƙasar suna cikinta. Sai dai a gidaje da yawa turo su ake yi, iyaye suna hutawa a gida. Yaro kuwa ba wawa ba ne. Da ya kai shekara goma sha uku ko sha huɗu, sai ya lura cewa majami'a wurin yara ne da tsofaffin mata, shi kuwa ya zama namiji kamar babansa. Wannan matsala ce ta sa wani malamin Makarantar Lahadi a Gilasgo, William Alexander Smith, ya kafa Birged ta samari a 1883, wadda ta iso Nijeriya a 1908, har yau muna jin gangunanta. Birged ta riƙe samari da yawa, amma ba ta iya shiga gida ta zama uba ba. Yaran da aka turo suka girma, suka turo nasu, jikokin kuwa ba wanda ya turo su. Zuwa shekara ta 2000, yaran da suke zuwa Makarantar Lahadi a Birtaniya ba su kai ɗaya cikin ashirin ba. Ba zan ce wannan kaɗai ne dalili ba. An yi yaƙe-yaƙe biyu, mota da talabijin sun canja ranar Lahadi, ko a Wels ma majami'u da yawa sun rufe. Amma abin da aka gina a kan sa'a guda a mako, iska kaɗan ta ishe shi.

Ku yi lissafi da ni. Mako guda sa'a 168 ne. In malamar Makarantar Lahadi ta sami sa'a ɗaya, a ciki za ta raba faɗa, ta share majina, ta karɓi baiko, ta koyar da waƙa. Abin da ya rage na darasi bai fi minti ashirin ba. Na taɓa ziyartar wata ikilisiya inda na ƙidaya yara fiye da ɗari a ƙarƙashin mangwaro, malamai biyu kaɗai, dukansu 'yan mata da ba su gama sakandare ba. Na tambayi ɗaya ko wani uba ya taɓa zuwa ya ga abin da suke yi. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, sukan zo in an bugi ɗansu." Na tambayi wani dattijo a wurin sunan malamar 'yarsa, ya ce sai ya tambayi uwar yara.

Akwai kuma maganar harshe, wadda Thomas Charles ya gane tun tuni. A birane yanzu ana koya wa yara ayoyi da Turanci, ba laifi. Amma in yaro ya haddace aya da harshen da kakarsa ba ta ji, wa zai tambaye shi ita da dare? Kakar nan wataƙila ita ce ta fi kowa sanin Ubangiji a gidan, mun kuwa rufe mata ƙofa da hannunmu.

Saboda haka, dattawa, in kun zauna shirin shekara, ku ɗauko maganar yara tun da fari, kafin a gaji. Ku kira malaman su zauna tare da ku, ku kira iyaye maza, ba mata kaɗai ba. Ku yi irin tambayar Raikes: wane ƙaramin abu ne kowane gida zai iya yi, har gidan da ba mai karatu a ciki? Wataƙila fasto ya sanar da ayar mako daga bagade, da Hausa da harshen garin, domin babba da yaro su tafi gida da aya ɗaya. Wataƙila a rubuta sunayen yara gida gida, a raba wa dattawa su riƙa ziyara tare da malamai. Wata ikilisiya za ta iya gwada hanyar Wels, manya su ma su zauna a aji kafin sujada. Kada kuma a manta da yaran da makarantar ta fara dominsu: marayu, da 'ya'yan waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, da yaron da shi kaɗai ne mai bi a gidansu. Irin wannan yaro yana bukatar wani iyali a ikilisiya da zai ce masa, "Zo ka ci tuwo a wurinmu ran Lahadi," ya ga yadda ake addu'a kafin a sa hannu a kwano.

Lokacinmu ya ƙure. A mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba gidan Eli firist da 'ya'yansa biyu, da yaron nan Sama'ila wanda uwarsa takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa kowace shekara. Kafin nan ku karanta 1 Sama'ila sura 1 zuwa 3 tare da mutanen gidanku. Ku huta lafiya.